Ranar da na dawo daga awo da ɗiyar mutane

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ɗana awo ba, kuma ko na so in manta mutanen gidana ba za su bari ba. Yau gemuna ya yi fari fat, jikoki sun cika mini tsakar gida, amma da zarar an haihu a dangi aka miƙo mini jariri in tofa masa addu'a, sai ka ji wata daga ƙuryar ɗaki ta ce, "Ku dai tsaya kusa da shi." Sai a kwashe da dariya. Ni ma in taya su, yaya zan yi?

Abin ya faru ne shekaru kaɗan bayan mun samu ƴancin kai. Yamai ta lokacin ba wannan ba ce da kuke gani yanzu, ko gada ba a yi ba, mai son haye kogi sai ya jira jirgi. Ni kuwa sabon magidanci ne, ɗan Maraɗi, na gama lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ni aiki a wani biro, ofishin gwamnati ke nan. Aikin bai wuce buga takardu a mashin ba, amma in ka ga tafiyata da safe, wando ya sha guga kamar bakin wuƙa, karabat, wato laktaye, a wuya, sai ka rantse ni na karɓo ƙasar daga hannun Nasara. (Karabat ɗin guda ɗaya ne tal, amma wa ya sani?)

Muna zaune a Zongo cikin gidan haya, ni da matata Zuwaira da Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta zo daga Maraɗi don wankan jego, jego ya ƙare ita ba ta ga dalilin komawa ba. Allah ya ba mu ɗa namiji, aka sa masa sunan mahaifina. To ka ga kunya ta zama biyu ke nan: ga shi ɗan fari, ga shi da sunan tsoho. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce "yaron nan". Ban taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, balle in zauna in ƙura masa ido, kada Gwaggo ta ce ɗan lakwal ya zubar da mutunci. In zan fita da safe yana barci cikin zane, in na dawo yana goye a bayan uwarsa. Maganar gaskiya, abin da na fi sani a jikin yaron nan shi ne ƙeyarsa. Sai kuma abu ɗaya da kowa ke faɗi, cewa yaro ne mai haƙuri, ba ya kuka.

A wannan lokacin ne gwamnati ta buɗe wurin awon yara da masu ciki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, da ba ta da nisa da mu. Kullum rediyo na kira a kai yara, a auna su, a yi musu lamba, wato rigakafin cutar agana. Kuma ba wasa ba ne, don a shekarar agana ta shiga unguwarmu, ta ɗauke yarinyar maƙwabcinmu tela, ta bar yayanta da ido ɗaya. Ni na ga jana'izar, abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka na zama mai wa'azin awo a cikin gida, safe da yamma.

Gwaggo kuwa ko kaɗan ba ta yarda ba.

"Hatsi ake awo, ba ɗan mutum ba," in ji ta. "Kai da wane sikeli aka auna ka har ka zama wannan zanƙalelen? A ɗora yaro a faranti kamar nama, kowace mai baƙin ido tana kallo!"

"Gwaggo, zamani ne ya zo da shi."

"To zamanin ya zo ya same ni nan."

Zuwaira ta taɓa kai shi sau ɗaya a ɓoye, aka auna shi, aka ce ta dawo ranar da za a yi lamba. Ranar ta zo, da sassafe ta je ɗauko itace a bayan madafa, kunama ta harbe ta a ƙafa. Ƙafa ta ɗauki zafi, ko takawa ba ta iya yi, tana kwance tana cije leɓe. Na dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi sama.

"Ƙafata ba za ta taka inda ake tsaga mini jika ba," ta ce.

Da ni mai hankali ne, da sai in roƙi wata maƙwabciya. Amma sai na ji bakina ya ce, "To ni zan kai shi da kaina."

Matar tela da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga abin da ya fi ƙarfin idona." Amma duk da haka ita ta naɗe shi cikin tawul, ta gyara masa layunsa na wuya, ta ɗora mini shi a hannu kamar mai ba da ajiyar ƙwai. Na ɗauki lema na fita, ina jin kaina kamar wani jarumin ci gaba.

Da na isa, sai na tarar da mata maƙil a ƙarƙashin itatuwa, Zabarmawa, Hausawa, Fulani, kowace da nata a cinya ko a baya, surutu kamar kasuwa. Babu namiji ko ɗaya sai ni. Ina shiga, duk suka juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta matso, ta leƙa tawul ɗin, ta girgiza kai.

"Allah ya jiƙanta, ɗana. Allah ya raya maraya."

"A'a, Iya, uwarsa tana raye."

"Af! To saki ne?"

"Ba saki ba ne, kunama ce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta koma wurin zamanta, na ji ana ta rarraba labarin cikin raɗa da harsuna uku.

Ina nan tsaye gumi na bin wuyana sai ga shugabar wurin ta fito. Madam ake ce mata, ungozomar likita ce, ƴar Dahome, doguwa mai farar riga, wadda in ta ɗaga murya har tsuntsaye sai sun yi shiru. Tana ganina ta tafa hannu, ta fara yabona da Faransanci, ta juya ga mata da gurguwar Hausarta.

"Ku gani! Wannan shi ne miji na zamani. Ku faɗa wa mazanku. Uba mai kyau, shi ya kawo yaro da kansa!"

Wallahi kaina ya kumbura har na ji karabat ya matse ni. Ta karɓi yaron ba tare da na bi layi ba, ta cire masa layu ta miƙo mini (wai suna ƙara nauyi a sikeli), na zuba a aljihu, ta ba ni tawul na rataya a kafaɗa, ta shige da shi. Ni ban bi ta ba, don ɗakin cike yake da mata, wasu na shayarwa, wasu ana duba su bayan labule. Na tsaya a baranda, na samu wani ma'aikacin wurin mai wanke allurai, muka shiga hira da Faransanci a kan makomar ƙasa. Na yi masa bayanin yadda jahilci ke kashe yara. Na ce masa matsalarmu ita ce iyaye maza ba su damu da ƴaƴansu ba. (Ni na faɗi haka, da bakina. Allah shi ne shaida.)

Can sai wata mai taimakon Madam ta leƙo, ta kira ni Malam da Faransanci, ta ce, "Mushe, an gama da naka. Yana bisa tebur, shiga ka ɗauka."

Na shiga ina kallon ƙasa don kada idona ya faɗa inda bai kamata ba. Da na isa teburin sai na ga jarirai biyu kwance. Dukansu an sa musu ƴar farar riga da hular saƙa iri ɗaya, wata kyauta ce da ake ba duk yaron da aka yi wa lamba. Dukansu da kwalli a ido, dukansu da ɗan tsagar lamba a hannu. Ɗaya yana tsala kuka kamar ana yanka shi, fuska ta yamutse, baki ya buɗe har kana hango maƙogwaro, majina ta haɗu da hawaye. Ɗayan kuwa ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura, yana tsotsar hannu, yana ganina ya yi mini murmushi.

Zan so in ce maka na yi shakka. Ban yi ba. Namu ai mai haƙuri ne, ba ya kuka, kowa ya sani. Kuma ga shi ya gane ubansa har ya yi dariya. Na sa hannu na ɗauki mai kumatun, na naɗe cikin tawul. Har na ɗan dubi mai kukan, na ce a raina, "Allah sarki, iyayen wannan suna shan fama. Ga muni, ga kuka." Na yi wa Madam sallama daga nesa, tana can tana fama da wata, ta ɗaga mini hannu, na fita ina taƙama.

Da gida na wuce kai tsaye, da abin ya zo da sauƙi. Amma yabon Madam bai gama sauka daga kaina ba, sai na ce bari in biya kasuwar Piti Marshe in sayo wa mai jinya nama. A can akwai wani mahauci ɗan garinmu, Ɗan Tani, wanda ya san gidanmu tun daga kakanni. Yana ganina ya ajiye wuƙa.

"Kai! Shi ne magajin? Kawo in gani."

Na buɗe masa fuskar.

"Tubarkalla! Jini ba ya ɓuya. Wannan hanci ai naka ne sak. Goshin kuwa na tsoho ne, kamar an tsaga kara. Ko cikin dubu na tsince shi zan ce ɗan gidanku ne."

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Ya ƙara mini da hanta kyauta. Mai tumatir ta kusa da shi ita ma ta leƙo ta ce idanun nawa ne. Na daɗe a wurin ina karɓar gaisuwa, har na manta da wata kunyar ɗan fari, ina ta kallon fuskar nan ina cewa ashe haka Allah ya yi mini baiwa ban sani ba.

Na isa gida rana ta take. Gwaggo na zaune a bakin ƙofar ɗaki, da gani tun fitata take wurin. Ta miƙo hannu ta karɓa, sai na ga ta ɗan jijjiga shi.

"Yaron nan fa ya yi nauyi."

"Ai amfanin awo ke nan, Gwaggo," na ce, ina murmushi.

Ta harare ni, ta zare hular saƙar. Sai ta tsaya. A kowane kunne akwai huda, da ɗan baƙin zare a ciki.

"Kunne suka huda masa? Ɗa namiji?"

Ɗan lakwal dai ba ya rasa amsa. Na ce, "Wataƙila sabon tsarin likita ne."

Ta kwantar da jaririn a cinya, ta warware tawul, ta ɗaga ƴar farar rigar. Na leƙa, ita ma ta leƙa. Naman da ke hannuna ya faɗi, ban san lokacin da na sake shi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwaggo ta kurma ihu. "Jama'a ku zo ku gani! Sun maida shi mace! Na faɗa, na faɗa, ba a ji ba!"

Mutanen gida suka fito da gudu. Zuwaira ta rarrafo daga ɗaki tana jan ƙafa. Ita ba ta ɗaga riga ba, ba ta duba kunne ba, kallo ɗaya ta yi wa fuskar.

"Wannan ba ɗana ba ne."

Ta ɗago ta dube ni. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ni gaban Gwaggo ba, ba ta taɓa cewa "ɗana" gaban kowa ba, ta dube ni tsakar ido ta ce, "Malam, ina ɗana? Ina ka kai mini ɗana?"

Dariya ake yi yanzu in ana ba da labarin, amma a wannan lokacin babu abin dariya. Abin da ya zo mini a rai shi ne fuskar nan mai kuka da na bari a tebur, na juya mata baya. Idan wata ta ɗauke shi fa? Idan mutanen ƙauye ne, sun riga sun haye kogi? Ban san sunan kowa a wurin ba, ban san inda zan fara nema ba. Na sa hannu a aljihu na ji layunsa.

Ihun Gwaggo ya firgita yarinyar, ta fara kuka, kukan yunwa ne kuma, don tun safe take yawon kasuwa da ni. Zuwaira, hawaye na zuba, ta jawo ta ta sa mata nono.

"Wata uwa tana can cikin abin da nake ciki," ta ce. "Ba za a mayar mata da ɗiya da yunwa ba."

Tana ƙoshi, Gwaggo ta naɗe ta ta dangwara mini a ƙirji.

"Kai ka ɗauko, kai za ka mayar. Wuce, muna bayanka."

Na fita da gudu, ba lema, ba taƙama. Takalmina ɗaya ya fita a hanya ban tsaya ɗauka ba.

Tun daga nesa na hango taron. Ashe uwar yarinyar, wata Bazabarma mai suna Haisa, ana duba ta ne bayan labule lokacin da na shiga. Ta fito ba ta ga ɗiyarta ba, ta faɗi ta suma. Kafin ta farfaɗo labari ya zagaye unguwa: wani mutum mai karabat ya shigo da jaririn aro don ya ɓad da sawu, ya sace ɗiyar mutane. Wasu suka ce an gan shi ya nufi bakin kogi, wasu suka ce dama tun shigowarsa idonsa bai yi kama da na mutanen kirki ba. An kira ɗan sanda. An kuma kira mijin Haisa, Saini, masunci daga unguwar Gamkalle, wanda ya taho da filafilin jirginsa a hannu.

Tsohuwar nan da ta yi mini ta'aziyya da safe ita ta fara hango ni.

"Ga shi nan! Shi ne!"

Sai na ji an ɗauka gaba ɗaya, "Zay! Zay!" Zabarmancina bai taka kara ya karya ba, amma na san wannan kalmar, ɓarawo ke nan. Kafin in buɗe baki wata mace ta keto taron, ɗankwali ya faɗi, idanu sun kumbura, ta fizge yarinyar daga hannuna. Ta zauna nan ƙasa tana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinar kanta, tana kuka tana faɗin "Ay izo, ay izo," wato ɗiyata, ɗiyata. Har yau in na tuna muryar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ni kuwa sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Saini ne ya damƙi karabat ɗina da hannu ɗaya, hannun da ya saba jan taru. Yana magana, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, filafili na sama. Na nemi Faransancina na rasa. Na nemi Hausar ma, ita ma ta gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Yaron... yaron nan..."

Madam ce ta cece ni. Ta daka tsawa ɗaya, taron ya dare, ta fito da jariri a kafaɗarta. Yana barcinsa lafiya lau, ya ƙoshi, har da ɗan nono a gefen baki. Daga baya na ji cewa da ya yi ta kuka babu mai shi, Haisa, tana tsakiyar nata tashin hankalin, ita ta karɓe shi ta shayar da shi.

Ɗan sandan, wani Bahaushe ɗan Tawa mai gashin baki, ya sa aka sauke ni, ya tsayar da ni tsakiyar fili. Mai wanke alluran nan, abokin hirata ta safe, shi ya zama tafinta, duk abin da na faɗa yana juya wa jama'a da Zabarmanci da ƙarfi.

"Me ya sa ka ɗauki ɗiyar mutane?"

"Ranka ya daɗe, na zaci nawa ne."

"Naka namiji ne ko mace?"

"Namiji."

"Wadda ka ɗauka fa?"

Na dubi ƙafata da ba takalmi.

"Malam, kana nufin ba ka san fuskar ɗanka ba?"

Na ce, cikin ƙaramar murya, "Ɗan fari ne."

Hausawan wurin suka yi "Ayyo!" wasu suka fara rufe baki da mayafi. A daidai nan ne Gwaggo ta iso, ita da ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba, tana riƙe da Zuwaira da ke ɗingishi. Zuwaira ta karɓi ɗanta ta rungume. Na ce a raina shi ke nan, an gama, abin da ya rage sai ban haƙuri.

Ashe da saura. Madam, wadda ta yi shelar sunana da safe a matsayin abin koyi, ta matso ta tsaya gabana, hannu a ƙugu.

"Mushe, ni ban gane ba. Yara biyu a tebur. Ba ka sani ba, to, sai ka tambaya. Me ya sa ka zaɓi wannan?"

Akwai amsoshi da yawa a duniya. Zan iya cewa ta fi kusa da hannuna. Zan iya cewa namu ba ya kuka. Zan iya yin shiru. Amma mutumin da aka shaƙe bai daɗe ba, hankalinsa ba ya tare da shi. Na ji kaina na ce, kowa na ji:

"Ita ta fi kyau."

Tafinta ya dube ni kamar mai tambaya ko da gaske in juya, sa'an nan ya juya. Na ga fuskar Saini ta fara motsi. Ya ajiye filafili, ya riƙe ciki, ya fashe da wata irin dariya har yana dukan cinya. Taron ya ɗauka. Ɗan sanda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Haisa ma, da hawaye a kumatu, ta dubi ɗiyarta ta yi murmushi, kamar mai cewa ai gaskiya ya faɗa.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Gwaggo ta ce, "Tir! Sunan ubanka ne fa a kansa." Zuwaira kuwa kallona kawai ta yi, ta gyara wa ɗanta hula, ta ce a hankali, "Ai kowa ya ce da kai yake kama."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige na ja ta na rufe.

Na bi Saini da Haisa ina ba da haƙuri da duk harshen da na iya. Cikin haka maganar shayarwa ta fito, cewa kowace ta ba ɗan ɗayar nono. Wani dattijon malami da ya tsaya kallo ya ce to ai magana ta ƙare, yaran nan sun zama wa da ƙanwa har abada, babu aure tsakaninsu, kuma ya kamata iyaye su san gidajen juna don kada a manta. Saini ya dafa kafaɗata (na ji ta kwana biyu) ya ce ta bakin tafinta, tun da ɗiyarsa ta yi mini kyau haka, to na samu ɗiya, amma in ina son ganinta in riƙa sallama tukuna.

Haka kuwa aka yi. Ba a yi mako ba sai ga shi a Zongo da ƙaton kifi a kafaɗa. Zuwaira da Haisa suka ƙulla ƙawancen da ya kai su har tsufa, a bakin Haisa matata ta iya Zabarmanci. Yarinyar, Biba, ta tashi tana wasa a tsakar gidanmu, kuma tun da ta iya magana ba ta da sunan da take kirana sai Baba Zay. Gwaggo kuwa, daga ranar ita ta karɓi aikin kai yaro awo. Ba wai ta yarda da sikeli ba ne, a'a, cewa ta yi ba za ta sake barin jikanta a hannun ƴan zamani ba. Ana auna shi tana riƙe da ƙafarsa, Madam na faɗa tana cewa kina ɓata awo, ita ko a jikinta. Da haka har ta ja matan gidanmu duka suka riƙa bin ta. Agana ba ta sake ɗaukar yaro a gidan nan ba.

Ni dai na yi wata guda ina zagaye hanya don kada in bi ta gaban likitar. Piti Marshe ma na ƙaurace mata, sai da na ji Ɗan Tani yana faɗa wa mutane wai shi tun farko ya ga hancin bai yi kama ba.

Daren farko bayan abin, da na ga Gwaggo ta shiga sallah, na lallaɓa na ɗauki yaron nan, na kai shi kusa da fitila, na dube shi da kyau, kallon da ban taɓa yi masa ba. Kunnuwa a baje, goshi ya turo, ga wani ɗan tsukakken baki kamar mai shirin gardama. Zuwaira ba ta yi ƙarya ba. Kamar na leƙa madubi.

Yanzu shi ma ya yi furfura, yana da nasa iyalin, kuma duk lokacin da muka yi saɓani sai ya ce, "Ba komai, Baba, na san dama ba ni ka zaɓa ba."

Abin da na koya dai bai da yawa, amma na biya shi da tsada. In aka ajiye abu biyu gabanka aka ce ɗauki naka, kada ka yi saurin miƙa hannu ga wanda ya yi maka murmushi. Tsaya ka duba mai kukan nan tukuna. Sau da yawa shi ne naka, kuma kai yake yi wa kukan.